Babi na Bakwai: Malamin da Ya Bi Sawun Birjil Har Cikin Waƙoƙin Bob Dylan

A babin da ya gabata mun bi haruffan Rumawa tun daga duwatsun Italiya har zuwa allon makarantar boko, inda muke rubuta Hausa da su a yau. Haruffa ba su da nauyin ɗauka, kowa na iya kwasa ya rubuta abin da ransa ke so. Waƙa kuwa da kayanta take tafe: ra'ayin mai ita, da fargabarsa, da abin da bai iya faɗa a bainar jama'a ba. Duk al'ummar da ta gaji tsohuwar waƙa sai ta zaɓi inda za ta kasa kunne da inda za ta toshe shi. Wannan babi labarin malami ne da ya shafe kusan shekara hamsin yana bin sawun wani mawaƙin harshen Latin, yana neman wuraren da aka toshe kunnen, har sawun ya kai shi inda abokan aikinsa ba su zata ba.

Sunansa Richard Thomas. An haife shi a Landan a 1950, ya tashi a Niyuzilan, ya yi digirinsa na farko da na biyu a Jami'ar Auckland, sannan ya haye Amurka ya yi digirin digirgir a Jami'ar Michigan, ya kammala a 1977. A shekarar ya fara koyarwa a Harvard. Ya ɗan fita zuwa Cincinnati da Cornell a tsakiyar shekarun 1980, ya dawo Harvard a 1987, nan ya zauna. Wanda ya ga wannan jeri zai zaci rayuwa ce ta ƙamus da nahawu da gardama a kan wasali. Da hakan kuwa aka fara, kuma da ba a fara da hakan ba, da sauran bai samu ba.

Mawaƙin shi ne Birjil, wanda Turawa ke rubuta sunansa Virgil. An haife shi a shekara ta 70 kafin Miladiyya, kusa da garin Mantuwa a arewacin Italiya, ya kuma girma a zamanin da Rumawa ke yanka junansu. An kashe Yuliyas Kaisar a 44. Bayan yaƙin Filibi a 42 aka ƙwace gonakin manoma aka raba wa sojojin da aka sallama, yankin su Birjil na cikin inda abin ya faɗa. Ƙura ba ta lafa ba sai bayan yaƙin teku na Aktiyum a 31, inda mutum guda ya rage a tsaye, wanda majalisar dattawa ta laƙaba wa suna Agustas a 27. Birjil na cikin mawaƙan da Mesinas, na hannun daman Agustas, ke ɗaukar nauyinsu. Wannan dangantaka ita ce tushen duk gardamar da za ta biyo baya.

Thomas bai fara da babbar waƙar Birjil ba. Ya fara da ta tsakiya, Georgics, waƙar noma mai kashi huɗu da aka gama wajen shekara ta 29 kafin Miladiyya: kashi na farko hatsi da yanayi, na biyu inabi da zaitun, na uku kiwo, na huɗu ƙudan zuma. Ƙarni bayan ƙarni an karanta ta a matsayin yabon gumi, wato ka yi aiki ƙasa ta biya ka, kamar yadda Agustas ya yi aiki Italiya ta samu lafiya. A 1988 Thomas ya fitar da sharhinta a juzu'i biyu daga maɗaba'ar Cambridge, baiti bayan baiti, ya riƙa tsayawa a wuraren da masu sharhi suka saba wucewa da sauri. Akwai hadarin da ke tasowa ana gab da girbi ya tumɓuke amfanin gona daga saiwa, bayan manomi ya yi duk abin da waƙar ta umurce shi. Akwai annobar da ke rufe kashi na uku, inda sa ke faɗuwa matacce a tsakiyar huɗa, manomi ya kwance ɗan'uwansa daga karkiya ya bar garma kafe a ƙasa, kuma babu maganin da ya yi aiki. Akwai mai sare daji don ya faɗaɗa gona, tsuntsaye su tashi sama an rushe musu sheƙa. Birjil ya ba mai saran gaskiyarsa, gona ta yi kyau, amma bai yarda ya ɗauke ido daga tsuntsayen ba. A ƙarshe kuma ga labarin Orfiyus, mawaƙin da ya sauka lahira neman matarsa ya sake rasa ta. Tambayar Thomas mai sauƙi ce: in manufar kawai a ce gumi na biya, me ya kawo duk wannan, kuma me ya sa nan ne waƙar ta fi daɗi?

A cikin wannan aiki ne ya wasa makamin da zai riƙe har tsufansa. A wata maƙala ta 1986 ya yi bayanin yadda Birjil ke aron maganar magabata. Da wuya ka sami wuri a waƙarsa da babu wata tsohuwar murya a ƙarƙashinsa, ko ta Homer, ko ta Kalimakus na Iskandariyya, ko ta Lukiritiyus. Amma aron iri-iri ne. Wani lokaci yakan ɗauko baitin wani don ya yi masa gyara. Wani lokaci yakan haɗa mawaƙa biyu ko uku a wuri guda su yi gardama da juna. Akwai kuma wanda Thomas ya kira leƙe ta taga. Misalinsa shi ne inda Birjil ke jera alamun saukar ruwan sama: karsana ta ɗaga kai tana shaƙar iska, kwaɗi na kuka, tururuwa na kwashe ƙwayayenta. Wani mawaƙin Latin, Baro na Ataks, ya riga shi faɗar wannan, shi ma ya kwaso ne daga Bagirke Aratus. Birjil ya bi lafazin Baro, amma ya zura hannu ta bayansa ya taɓo Aratus kai tsaye, don mai karatun da ya san su duka biyun ya gane cewa ana magana da mutum biyu a lokaci guda. Wannan karatu ne mai cin rai. Sai ka haddace abin da Birjil ya haddace kafin kunnenka ya kama abin da yake yi.

Daga nan sai Aeneid, waƙar da ta sa aka san Birjil a duniya. Kashi goma sha biyu ce, baiti kusan dubu goma, kuma bai gama goge ta ba ya rasu a Birindisi a shekara ta 19 kafin Miladiyya. Tsofaffin masu tarihinsa sun ce ya nemi a ƙona ta, Agustas ya hana, ya sa abokan Birjil biyu suka fitar da ita. Labarin Iniyas ne, ɗan gudun hijira daga birnin Taroy da Girkawa suka ƙona, wanda ya goyo mahaifinsa ya fita da sauran jama'arsa neman ƙasar da aka yi musu alkawari a Italiya, inda zuriyarsa za ta kafa Rum. A hanya guguwa ta jefa shi gaɓar Afirka, a Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu. Sarauniya Dido, ita ma 'yar gudun hijira ce da ta gina birninta da kanta, ta karɓe shi, ta ciyar da mutanensa, ta so shi. Da umurni ya zo masa daga sama ya tattara jiragensa ya tafi, ita kuma ta kashe kanta. Bayan fitowar waƙar da shekara kusan ɗari huɗu, wani yaro a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau ya karanta wannan a makaranta ya yi kuka. Shi ne Agustin, wanda ya zama babban malamin Kiristanci, kuma shi da kansa ya ba da labarin kukan. Tun farko ke nan akwai masu karatun da zuciyarsu ba ta bi jirgin Iniyas ba, ta tsaya a gaɓar Afirka.

Ƙarshen waƙar ya fi wannan tayar da hankali. A kashi na shida Iniyas ya sauka lahira ya gana da mahaifinsa, wanda ya yi masa wasiyya kan yadda Barume zai yi mulki, kuma a cikin wasiyyar akwai jinƙai ga abokin gaba da ya sallama. A kashi na goma sha biyu Iniyas ya kayar da Turnus, jarumin mutanen Italiya da ke kare ƙasarsa da budurwarsa. Turnus yana ƙasa da rauni, ya amsa an ci shi, ya roƙi a tausaya wa tsohon mahaifinsa. Iniyas ya dakata, hannunsa ya fara sanyi. Sai idonsa ya faɗa kan ɗamarar Palas, saurayin da aka ba shi amana wanda Turnus ya kashe ya kwaɓe wa ado. Fushi ya ci shi, ya soke mutumin. Nan waƙar ta tsaya. Ba a ɗaura aure ba, ba a kafa birni ba, ba a yi bikin nasara ba.

A farkon shekarun 1960 wasu malamai a Amurka suka fara faɗar abin da suke ji a wannan wuri. Adam Parry ya rubuta a 1963 cewa muryoyi biyu ne a cikin waƙar, ta fili mai yabon daula da ta ɓoye mai makoki. Wendell Clausen a 1964 da Michael Putnam a 1965 suka bi ta kusa da wannan hanya. Daga baya aka yi musu laƙabi da mazahabar Harvard, masu adawa kuma suka ce ba komai ba ne illa zafin yaƙin Biyetnam da aka shafa wa tsohon mawaƙi, ko da yake rubuce-rubucen farko sun riga tsanantar yaƙin. Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan lamari. Mun san makaɗin fada: sarki ne ke ba shi riga da doki, yabon da yake yi kuma har zuciyarsa ne, amma wanda ya san kan waƙa yakan ji inda yabon ya koma hannunka mai sanda, ana tuna wa sarki abin da ya kamata ya zama. Bafade da talaka za su saurari waƙa guda su tashi da fahimta biyu, kuma makaɗin ya san da haka tun yana shirya ta.

Abin da Thomas ya ƙara a kan wannan shi ne ya juya tambayar. Maimakon ya tsaya kan abin da Birjil ke nufi, sai ya tambaya: in muryar ta biyu tana nan, ya aka yi shekara dubu biyu ba a cika jin ta ba? Amsarsa ita ce littafinsa na 2001, Virgil and the Augustan Reception, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan aikinsa duka. Ya nuna cewa an ji ta, tun mawaƙan Rum da suka biyo bayan Birjil, irin su Obid da Lukan. Sai dai a kowane zamani akan sami masu hidima da ke share wurin. Sarbiyus, babban mai sharhi na wajen ƙarshen ƙarni na huɗu, ya kafa wa ɗalibai ƙa'ida cewa manufar waƙar kwaikwayon Homer ne da yabon Agustas ta hanyar kakanninsa, duk abin da ya saɓa wa haka sai a nema masa tawili. A 1428 wani matashin Italiya, Maffeo Vegio, ya ga ƙarshen bai yi masa ba, ya zauna ya rubuta kashi na goma sha uku: aka binne Turnus da mutunci, aka ɗaura auren Iniyas, daga bisani aka ɗaga shi sama. An daɗe ana buga wannan ƙari a manne da waƙar Birjil. A 1697 John Dryden ya fitar da fassarar Ingilishi da ta mamaye makarantu da gidaje fiye da ƙarni guda, Thomas kuwa ya ajiye ta gefe da gefe da Latin ɗin ya nuna inda aka cusa kalmomin da babu su a asali don a ƙara wa Iniyas kwarjinin sarauta a rage wa waɗanda ya taka. Har masu tace rubutun asali ya kama da hannu dumu-dumu, inda baiti ya dame su sai su ce ba na Birjil ba ne, ko su sauya masa harafi.

Inda littafin ya fi ɗaci shi ne ƙarni na ashirin. A 1930 gwamnatin Musolini a Italiya ta yi gagarumin bikin cikar Birjil shekara dubu biyu da haihuwa, har da kan sarki masu ɗauke da baitocinsa. Waƙar noma ta zama kayan farfagandar gangamin noman alkama da gwamnatin ta ƙaddamar tun 1925. Aeneid kuma ta zama hujjar cewa mulkin wasu al'ummu gadon Italiya ne. A daidai waɗannan shekaru sojojin Italiya na tsare mutanen gabashin Libiya a sansanoni, a 1931 suka rataye jagoran gwagwarmayarsu Umar Mukhtar, a 1935 suka afka wa Habasha, a 1936 Musolini ya shelanta cewa daular Rum ta dawo. Malaman jami'a masu digiri da mutunci ne suka rubuta maƙalun da suka ɗaure wa wannan karatu gindi. Ba sai sun yi ƙarya ba. Sun dai ɗauko baitocin da ke musu amfani, suka bi hanyar da aka riga aka share musu tun zamanin Sarbiyus.

Littafin ya sha suka. Karl Galinsky na Jami'ar Texas, masanin zamanin Agustas, yana cikin waɗanda suka fi yi masa ca. Kuma masu sukar ba su rasa gaskiya ba. Mutumin da ya ga yaƙin basasa tun yana yaro zai iya gode wa wanda ya kawo zaman lafiya da zuciya ɗaya, ba tare da munafunci ba. Barume na wancan zamani zai iya ganin kisan Turnus a matsayin haƙƙin jini da amana ta wajabta, balle an karya yarjejeniyar sulhu kafin a kai ga nan. Haka kuma kunnen Thomas kunnen tsararsa ne, waɗanda suka balaga ana zanga-zangar ƙin yaƙi, ba wanda ke karatu daga sararin sama. Duk da haka ni ina tare da shi a kan babban batun, kuma Vegio ne shaidata. Da ƙarshen waƙar yana kwantar da hankali, ba wanda zai ga bukatar ya yi masa ƙari. Ruwa ba ya tsami banza. Masu gyaran da kansu, da yawan gyaran da suka yi, su ne suka tabbatar cewa akwai abin da ke damunsu a wurin.

Kada a zaci wannan tsohon zance ne. Biyu daga cikin taken Latin da ke bayan takardar dala ɗaya ta Amurka daga baitocin Birjil aka samo su, an zaɓe su a 1782. A ranar 20 ga Afrilu 1968 ɗan siyasar Birtaniya Enoch Powell, wanda ya zama farfesan Girkanci yana ɗan shekara 25, ya yi jawabi a Birmingham yana gargaɗi kan baƙin haure, ya jingina da wani hasashen zubar da jini daga kashi na shida na Aeneid. Washegari jam'iyyarsa ta tsige shi daga muƙaminsa, amma jawabin ya daɗe yana cutar da baƙaƙe da 'yan Asiya a ƙasar. Abin da ke ba ni takaici shi ne a cikin waƙar, baƙin da ake maganar isowarsu su ne su Iniyas, wato kakannin Rumawa, kuma Powell ya san haka sarai. Sai kuma gidan tarihin tunawa da harin 11 ga Satumba da aka buɗe a Niyu Yok a 2014. A jikin bangon da aka adana ragowar gawarwakin da ba a gane masu su ba a bayansa, an kafa wani baiti daga kashi na tara, alkawari ne na rashin mantuwa. A cikin waƙar, alkawarin ga samari biyu aka yi shi, sojoji ne da suka kutsa sansanin abokan gaba da dare suka yi ta yanka mutane suna barci kafin a kama su a kashe. Marubuciya Caroline Alexander ta ja hankali kan haka tun 2011. Wasu masana suka ce baiti na iya rabuwa da mahallinsa ya yi sabuwar rayuwa, kuma iyalan mamatan sun sami sanyi a cikinsa. Ina girmama wannan. Amma da an tambayi wanda ya karanta shafin duka kafin a narka ƙarfen haruffan, da an sami wani baitin.

A ranar da aka kai wancan hari, 11 ga Satumba 2001, wani faifai ya fito kasuwa. Na mawaƙin Amurka Bob Dylan ne, mai suna Love and Theft. Thomas masoyin Dylan ne tun yana saurayi a Niyuzilan, amma ya daɗe yana ajiye wannan so a gida, Latin a ofis. Da ya saurari waƙar Lonesome Day Blues sai ya ji abin da ya sani. Mai magana a waƙar mutum ne da yaƙi ya ci ɗan'uwansa, kuma can wajen ƙarshe ya shiga lissafa abin da zai yi da iko. Wasiyyar nan ce ta kashi na shida, wadda mahaifin Iniyas ya yi masa a lahira. Thomas bai tsaya a kamanni ba. Ya jera fassarorin Ingilishi ya gano cewa lafazin ya dace da ta Allen Mandelbaum ta 1971. A cikin waƙar kuma akwai aro daga marubucin Amurka Mark Twain, da kuma daga wani littafin Japan kan rayuwar wani tsohon ɗan daba. Wato Dylan ya haɗa muryoyi uku daga zamani uku a wuri guda, ya sa wasiyyar daula a bakin mutumin da yaƙi ya riga ya raunata. Shi ne salon da Thomas ya yi wa bayani a 1986, ga shi yanzu a bakin mai jita.

A 2006 Dylan ya fitar da Modern Times. Wani mawaƙin Niyuzilan, Cliff Fell, ya yi katarin yana karanta waƙoƙin gudun hijira na Obid a fassarar Peter Green, sai ya ji jimlolin littafin na fitowa daga faifan. Obid shi ne mawaƙin da Agustas ya kora a shekara ta 8 Miladiyya zuwa Tomis, a gaɓar Baƙin Teku, garin Konstanza na Romaniya a yau. Can ya ƙare rayuwarsa yana aika waƙoƙin roƙo da kewa zuwa Rum, ba a taɓa yafe masa ba. Thomas ya bi sawun ya tono ƙarin wurare da dama, ya kuma yi tambayar da ta fi tonon muhimmanci: me ya sa mutum ɗan shekara 65, da duniya ta san shi, zai ari muryar korarre? Ya ga Dylan na amfani da Obid don ya faɗi baƙuncin tsufa, da na mai fasahar da zamaninsa ya wuce ya bar shi. Ya kuma koma Hibbing, garin haƙar ƙarfe a jihar Minnesota inda Dylan ya tashi, ya nuna cewa yaron ya yi Latin a sakandare har ya shiga ƙungiyar ɗaliban Latin, a shekarun da finafinan Rum ke cika gidajen silima.

Tun 2004 ya fara koyar da darasi kan Dylan ga 'yan ajin farko a Harvard, kusan sau ɗaya a shekara huɗu, kuma ba kowa ne ya ga dacewar farfesan Latin da wannan ba. A ranar 13 ga Oktoba 2016, yana tsakiyar zangon darasin, aka sanar cewa Dylan ya ci kyautar Nobel ta adabi. A shekara mai biye littafinsa Why Bob Dylan Matters ya fito, ya kai ga masu karatun da ba su taɓa jin sunan Georgics ba. Bai bar tsohon aikin ba kuwa. A 2011 ya fitar da sharhi kan waƙoƙin mawaƙin Rum Horas, a 2014 shi da Jan Ziolkowski suka fitar da kundin sani kan Birjil a juzu'i uku.

Akwai inda nake ganin so ya ɗan rufe masa ido. An zargi Dylan da satar fasaha, mawaƙiya Joni Mitchell ma ta faɗa a fili a 2010. Amsar Thomas ita ce an yi wa Birjil irin wannan zargi tun a zamanin da, har wani ya tattara abin da ya kira sace-sacensa, kuma babban mawaƙi yakan mayar da abin da ya ɗauka nasa. Na yarda da haka a kan Obid da Birjil. Amma akwai bambanci da ya cancanci a daɗe a kansa. Masu sauraron Birjil sun haddace Homer, aron a gabansu aka yi shi, kuma daɗin yana cikin su gane. Mafi yawan masu sauraron Dylan ba su san akwai aro ba. Ban da haka, kalmomin da ya ɗauka ba na Obid ba ne kai tsaye, na Peter Green ne, mutumin da ke raye a lokacin, wanda ya sha wahalar nemo su, kuma sunansa bai fito a jikin faifan ba. Da aka gano a 2017 cewa wasu jimlolin laccar Nobel ta Dylan sun yi kama da na wani taƙaitaccen jagoran ɗalibai na intanet, zancen gadon magabata bai isa ya rufe wannan ba.

Wannan batu na masu fassara ya fi ƙarfin Dylan. Kusan duk wanda Birjil ya taɓa a yau, ta hannun wani ya taɓa shi: ta Dryden, ta Mandelbaum, ta mai zaɓar baitin da za a kafa a bango, ta ɗan siyasar da ya yanko rabin magana. Wanda zai iya buɗe asalin ya ce a nan an ƙara, a nan an rage, wannan baitin ga wa aka yi shi, sai wanda ya yi shekaru a kan nahawun da ba ya kawo kuɗi. Abin da ke damuna shi ne wuraren da ake horar da irin waɗannan mutane suna raguwa. A 2021 Jami'ar Princeton ta daina wajabta wa ɗaliban sashen nazarin Girka da Rum koyon Latin ko Girkanci, da niyyar buɗe ƙofa ga waɗanda ba su samu damar fara su a sakandare ba. Niyyar mai kyau ce, fannin ya daɗe yana hannun 'ya'yan masu hali, kuma abin da Thomas ya tono game da zamanin Musolini ya isa ya nuna cewa yana da laifin da zai amsa. Sai dai ɗalibin da bai iya Latin ba dole ya karɓi abin da mai fassara ya miƙa masa.

A 2021 ɗin kuma Jami'ar Howard da ke Washington ta sanar da rushe nata sashen, wanda shi kaɗai ne irinsa a jami'o'in da aka kafa don baƙaƙen Amurka. A nan Frank Snowden ya koyar shekaru da dama, ya rubuta Blacks in Antiquity a 1970, inda ya tattara abin da Girkawa da Rumawa suka rubuta suka kuma zana game da baƙar fata. A nan marubuciya Toni Morrison, wadda ta ci Nobel a 1993, ta haɗa karatun adabin Ingilishi da na Girka da Rum. Ɗalibai sun sa hannu a takardun ƙorafi, farfesa Cornel West ya yi rubutu a jarida yana roƙon a sake tunani, amma hukumar jami'ar ta tsaya kan shawararta, aka rarraba malaman da ke da kujerar dindindin zuwa wasu sassa.